Canjin Boris ɗin Tayar Gaba a Tsohuwar Tarakta

Tayar gaba ta tarakta tana juyawa ne a kan boris guda biyu, babba daga ciki, ƙarami daga waje. Dukansu biyu ba su fi cikin tafin hannu ba, amma a kansu gaban tarakta yake zaune: kason inji da ya faɗo gaba, lagireto, da ƙarafan nauyin da ake ratayawa a goshinta don kada garma ta ɗaga ta sama. Duk ramin da tayar ta faɗa, duk kunyar da ta haura, a jikinsu abin yake ƙarewa.

Wannan babi ya shafi taraktocin da tayoyin baya kaɗai suke ja, na gaba kuwa aikinsu ɗaukar nauyi da bin sitiyari. Irinsu ne suka fi yawa cikin tsofaffin da har yanzu suke huɗa, kamar Massey Ferguson 35 da 135 da 165, da Ford 3000 da 5000, da Fiat da Steyr da aka riƙa harhaɗawa a Kano da Bauci, sai Massey Ferguson 375 ƙirar Pakistan da ta biyo baya. Ita 135 tun 1964 aka fara ƙera ta, amma tsarin ƙafarta ta gaba kusan ɗaya ne da na sauran, wanda ya iya ɗaya ya iya duka. Tarakta mai jan ƙafa huɗu daban take. Hob ɗinta na gaba akwai giyoyi a ciki, cikin mai suke aiki, kuma ba a kwance shi sai da littafin kamfani da kayan awo.

Yadda ƙafar take

Aksil ɗin gaba dogon ƙarfe ne da ya gitta ƙarƙashin goshin tarakta, an rataye shi a tsakiya da fin guda domin ya riƙa lilo idan ƙasa ba ta daidaita ba. A kowane ƙarshensa akwai kinfin a tsaye cikin bushin, shi ne yake juyawa idan an murza sitiyari. Daga gindin kinfin wani gajeren ƙarfe ya miƙo waje a kwance, gindinsa da kauri, kansa siriri mai zare. Shi ake nufi da hannun aksil a wannan babi. Hob, wato tukunyar ƙarfen da ake ɗaura wili a jikinta, a kan wannan hannu yake zagayawa. Idan aka bi kayan daga ciki zuwa waje, sil ne a farko, sai babban boris, sai ƙaramin boris, sai washa mai harshe, sai noti mai tsaga-tsaga a kai, da kotafin da yake ratsa shi, sannan marfi ya rufe.

Boris ɗin nan ba irin na keke ba ne mai 'ya'ya ƙwallaye. 'Ya'yansa gajerun sanduna ne, gindinsu ya fi kansu kauri, an jera su cikin keji a kan zobe, suna gudu cikin wani zoben dabam mai siffar mazurari wanda bakanikai suke kira kofi. Kofin a matse yake cikin hob, shi kuwa zobe mai 'ya'ya a kan hannun aksil yake zama. Wani maƙerin keken doki a birnin St. Louis na Amurka, Henry Timken, shi ya yi rajistar wannan ƙira a 1898, kuma matsalar da ya so magancewa ita ce dai take damun tarakta yau: ƙafar da take ɗauke da nauyi daga sama, idan aka sha kwana sai a tura ta ta gefe. Karkatar 'ya'yan ce take ba su damar tare nauyin biyu a lokaci guda. Amma kowane boris turin gefe ɗaya yake iya tarewa, shi ya sa ake sa biyu suna kallon juna, ɗaya ya hana hob shigewa ciki, ɗaya ya hana shi ficewa.

Wannan ƙira tana zuwa da sharaɗi. Boris mai ƙwallo daga kamfani yake fitowa da ratarsa a daidaice. Mai mazurari kuwa ba shi da wata rata sai wadda bakanike ya yanka masa da hannunsa ranar ɗauri, kuma notin kan hannun aksil ne ma'auninta.

Abin da yake kashe shi

Da wuya boris ɗin tayar gaba ya mutu don tsufa. Tarakta ba ta gudu, zagayen da tayarta take yi a shekara bai kai na motar haya a wata guda ba. Datti da ruwa da mugun ɗauri su ne suke gamawa da shi, biyun farko kuwa ta ƙofa ɗaya suke shiga, wato sil.

Ƙwayar rairayi ta fi ƙarfen boris tauri. Idan ƙurar haro a busasshiyar gona ta sami hanya ta cakuɗa da giris, to giris ɗin ya tashi daga mai sulɓi ya koma abin wasa wuƙa, yana cin 'ya'ya da kofi a hankali har rata ta buɗe. Da rata ta buɗe hob zai fara rawa, rawar ta ƙara yage bakin sil, ƙura ta ƙara samun hanya. Sau da yawa abin da yake fara yanka sil ɗin ma ba wani babban abu ba ne: zaren buhu, ko leda, ko jijiyar ciyawa da ta nannaɗe a bayan hob, tana matsewa kullum har ta kutsa ƙarƙashin robar.

Ruwa ya fi ƙura saurin ɓarna. Taraktar da take aikin shinkafa a fadama, ko a filayen ban-ruwa irin na Kura da Kadawa, tayarta takan nutse har hob. Hob da ya yi ɗumi idan ya shiga ruwan sanyi, iskar cikinsa takan tsuke, sai ya zuƙo ruwa da taɓo ta bakin sil. Muddin ana aiki ba a ganin komai. Sai an ajiye taraktar wata uku ko huɗu ruwan zai kwanta a inda 'ya'ya suka taɓa kofi, tsatsa ta ci wurin layi-layi. Ranar da aka sake tayar da ita, daga waɗannan layuka ƙarfen zai fara ɓarewa.

Lokacin aikin ma yana da nasa laifi. Da ruwa ya sauka kowa yana son huɗa a mako guda, taraktar haya takan yi aiki dare da rana, ba mai yarda a tsayar da ita saboda ɗan kuka a taya. Don haka bazara ce lokacin wannan gyara, kafin manoma su fara layi.

Gane ciwon

Alamun farko direba ne yake jin su: gurnani ko ƙara daga gaba wanda yake ƙaruwa idan an sha kwana, sitiyari mai yawo a kan titi, taya da ta kwanta ciki daga sama, ko baƙin giris da yake tsiyaya ta bayan hob. Hob mai zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kansa shi ma shaida ne, tunda babu birki a gaban da za a ɗora wa laifi.

Tabbaci sai an ɗaga tayar. A kama ta sama da ƙasa a girgiza, mutum na biyu ya tsuguna ta ciki yana kallo. Idan hob ne yake motsi hannun aksil yana tsaye, boris ne. Idan hob da hannun tare suke motsi, bushin ɗin kinfin ne ya ci, kuma ko sabon boris goma aka sa rawar ba za ta tafi ba. Idan kuma sai an kama tayar dama da hagu take motsi, a duba kawunan tayarod, wato sandunan da suke haɗa tayoyin da sitiyari. Wannan rarrabewa ta minti biyu takan hana a sayi abin da ba shi ne ya lalace ba. Daga nan a juya tayar a hankali, yatsa yana kan ƙarfen aksil. Lafiyayyen boris shiru yake tafiya, wanda ya ɓare kuwa ana jin gargadarsa a yatsa tun kafin kunne ya ji.

Sayen kaya

Ba da sunan tarakta ake sayen boris ba, da lambar da take jikinsa ake saye. Tsohuwar tarakta ta bi hannaye da yawa, mai yiwuwa aksil ɗin da yake jikinta ma daga wata aka ciro. Taraktocin Ingila da Amurka galibi awon inci suke bi, kuma a nan kofi da lambarsa, mai 'ya'ya da tasa. Misali LM11949 abokin tafiyarsa kofi LM11910 ne, raminsa milimita 19.05, shi kuwa LM48548 da LM48510 yake tafiya, raminsa milimita 34.925. Masu awon milimita lamba ɗaya ce take haɗa biyun, kamar 30206 ko 30207, kuma idan aka ninka lambobi biyu na ƙarshe sau 5 an sami faɗin ramin, wato milimita 30 da 35. A lura da kusancin 34.925 da 35. Ido ba ya raba su, amma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya: na milimita zai yi sako-sako a hannun inci, na inci kuma ba zai shiga hannun milimita ba sai da guduma. Abin da ya fi shi ne a wanke tsohon, a tafi da shi kasuwar kayan gyara, Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, tare da tsohon sil.

Ana canja kofi da mai 'ya'ya tare. Tsohon kofi ya riga ya ci daidai da tsofaffin 'ya'yansa, sababbi ba za su kwanta a kansa da dukan tsawonsu ba. Barin kofi don gudun wahalar fitar da shi hanya ce mai sauri ta kashe sabon boris. Haka sil da kotafin, sababbi ake sawa kowane buɗi. Abin takaici ne a ga an biya kuɗin boris biyu sannan a mayar da tsohon sil, alhali ya fi su araha, kuma mutuwarsa ce ta jawo aikin tun farko.

Jabu ya yi yawa a kasuwar boris ta duniya, har manyan kamfanoni irin su SKF da Timken da NSK suna gangamin yaƙi da shi. Kwali mai kyau ba hujja ba ne. Rubutun lamba da ya karkace ko ya dushe, keji mai kaifin baki, 'ya'ya masu zane a jiki, da farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa, duka abin tsayawa ne a sake dubawa. Araha dai ba ta ado.

Ɗagawa da kwancewa

Wurin aiki ya zama ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗa, nesa da inda iska take kwaso ƙura. A sauke garma ko haro ƙasa, a kashe inji, a zare makulli, a sa giya, a haɗa birkin biyu a kulle, a sa waigi gaba da bayan tayoyin baya. Notocin wili tun taya tana ƙasa ake sassauta su. Sai abin da ya keɓanta da tarakta: tunda aksil ɗin gaba lilo yake a kan fin ɗinsa, cire taya guda yana iya sa gaban ya kwanta gefe. Saboda haka ana cusa katako tsakanin aksil da jikin tarakta ta ɓangarorin biyu kafin a ɗaga. Jak ɗagawa kawai yake yi, ba a barin nauyi a kansa. A tokare aksil da gungumen katako mai faɗi ko ƙafar ƙarfe. Bulon siminti ba ya gargaɗi, farat ɗaya yake rugujewa, ƙaramar 135 ma kuwa ta kai kimanin tan ɗaya da rabi.

Kwancewa ba ta da wuya. Marfi a wasu taraktoci zare ne da shi, a wasu bugawa aka yi, a wasu kuma ƙananan kusoshi suka riƙe shi. A miƙe ƙafafun kotafin da filaya a zare shi, a kwance noti, a ja hob kaɗan a mayar, washa da ƙaramin boris za su fito da kansu. Sannan a zaro hob gaba ɗaya da hannu biyu, kada ya goge zaren. A jera komai a kan tsumma mai tsabta bi da bi. Kafin a fitar da tsohon sil a duba inda bakinsa yake kallo, domin a wasu taraktoci cikin hob yake zama, a wasu kuma a kan hannun aksil, kuma sabon haka zai koma.

Kada a yi saurin jefar da tsohon boris, shi ne zai faɗi abin da ya faru. A wanke shi da kananzir ko man gas, ban da fetur saboda wuta. Idan kofin ya dushe kamar an bi shi da samfefa, ƙura ce. Layukan tsatsa masu tazara daidai da tazarar 'ya'ya, ruwa ne. Launin shuɗi ko ruwan ƙasa, zafi ne, daga matsewar noti ko ƙarewar giris. Ƙananan lotsawa masu sheƙi a jere, duka ne, ko na rami a guje ko na guduma ranar ɗauri. Wanda bai karanta waɗannan alamu ba, zai gyara ɓarnar ya bar sanadinta.

Hannun aksil ma a wanke shi a shafa da yatsa, musamman ta ƙasa inda nauyi yake cin sa. Sabon boris ya kamata ya shiga da turin hannu, ba lilo, ba guduma. Idan akwai gargada ko ɗan tudu, samfefa mai laushi ta isa. Idan kuwa tsohon boris ya riƙa juyawa a kansa har ya yi masa mataki, ko zafi ya mayar da shi shuɗi, ko an ga tsaga a gindinsa, canja shi ake yi. Cika shi da walda a fiƙe abu ne da ake yawan yi, amma zafin walda yana taɓa ƙarfin ƙarfen, kuma wannan hannu idan ya karye a kan titi da tirela a baya, ba asarar kuɗi kaɗai ake yi ba. Wurin da bakin sil yake gudu shi ma a duba. Idan ya yi kwari, sabon sil ba zai riƙe ba sai an sa masa siririn zoben gyara da ake sayarwa don haka.

Fitar da kofi da sa sabo

A cikin hob, bayan kowane kofi, galibi akwai tsaga biyu suna kallon juna, an bar su ne don bakin ƙarfen bugu. A kife hob a kan katako biyu, a buga nan sau ɗaya, can sau ɗaya, kofin yana sauka a miƙe. Idan aka dage wa gefe ɗaya zai karkace ya ƙwarzane ramin. Kofin da ya ƙi fita, masu walda suna da dabararsa: a zagaya fuskarsa ta ciki da layin walda ɗaya, a bari ya huce. Waldar tana tsukewa ta ja kofin ciki, sau da yawa da an kife hob yake faɗowa.

A goge ramin tas, har lungun da kofi yake tokarewa, domin ƙwayar tsakuwa ɗaya a nan ta isa ta karkatar da shi. Sanya hob a rana ya yi zafi, kofi kuma a cikin firji ko ƙanƙara a leda, yana sauƙaƙa shigarsa ƙwarai. Bakin mazurarin waje yake kallo a kowane ɓangare, gefen mai kauri shi ne yake fara shiga. Ba a dukan sabon kofi da guduma kai tsaye. Ƙarfensa da na guduma duka masu tauri ne, ɓarɓashi yana iya tashi ya shiga ido. Tsohon kofin da aka rage wa kauri a dutsen wasa, ko aka tsaga shi gefe guda don kada ya maƙale, shi ne mafi dacewar abin turawa. Ana bugawa a zagaye, kunne yana saurare. Muddin kofi yana tafiya ƙarar a dushe take, da ya zauna sai ta koma tsantsar ƙarar ƙarfe. Duk da haka a leƙa ta baya a tabbatar ba sauran rata.

Idan sabon kofi ya faɗa ramin da kansa, to hob ya buɗe. Akan yi dabarar tsattsaga ramin da kurfi ko a cusa yankan gwangwani. Wannan yana iya kai tarakta gida, amma ba ya kai ta ƙarshen damina, don kofin ba ya zama a tsakiya kuma ba ya daɗewa bai sake juyawa ba. Ƙaramin sako-sako gam ɗin boris irin na Loctite yana riƙe shi. Wanda ya wuce haka sai wani hob, ko a kai wa masu injin fiƙe ƙarfe su sa masa zobe.

Giris da sil

Giris mai lamba 2, irin na lithium wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa na boris ɗin taya ne, shi ya dace. Ba a gauraya iri biyu, domin wasu idan suka haɗu sukan tsinke su zube, shi ya sa ake wanke tsohon gaba ɗaya. Gwangwanin da aka bari a buɗe a gareji ya riga ya sha ƙura, bai kamata ya kusanci sabon boris ba.

Shafa giris a bayan boris ba cikawa ba ne. Bakanike yakan wanke hannu, ya ɗora curin giris a tafinsa na hagu, ya riƙe boris da dama, gefe mai faɗi yana ƙasa. Sai ya riƙa dannawa a bakin curin yana ja, kamar mai yankar tuwo da gefen mara, har giris ya ɓullo ta sama tsakanin 'ya'ya da keji. Ya juya kaɗan, ya sake, har ya zagayo inda ya fara. Minti biyu ko uku ne kowane boris, kuma giris ɗin da aka tura ta haka shi ne wanda zai yi aikin. A shafa wa kofuna da hannun aksil kaɗan, a zuba wa cikin hob kamar sulusi zuwa rabi. Inda kamfani ya sa kan giris a jikin hob, to tsarinsa shi ne a riƙa bugawa har tsohon giris ya fito ta bayan sil ya turo datti waje, amma a hankali, kada ƙarfin famfo ya ture sil ɗin daga mazauninsa.

Inda sil a cikin hob yake zama, babban boris ne yake fara shiga hob, sannan sil ya rufe shi. A ɗora katako mai faɗi a kan sil a buga a tsakiya don ya shiga a miƙe, a shafa wa bakin robar giris kada ta fara aiki a bushe. Wajen mayar da hob a tallafe shi sosai, zaren hannun aksil yana iya yanka bakin sil tun bai fara aiki ba. Sai ƙaramin boris, sai washa, harshenta cikin kwarin da aka yi masa. Wannan harshe ne yake hana juyawar taya ta murza noti.

Ɗaurin noti

Duk wahalar da aka sha a baya, a nan ake cin ribarta ko a zubar da ita. Notin hob ba irin notin wili ba ne da ake ɗaurewa iya ƙarfi. Aikinsa tsayar da rata.

Ɗaurin hawa biyu ne. Da farko a ɗaure shi sosai da sifana, ɗaya hannun yana juya hob ba tsayawa, har a ji hob ya yi nauyi. Manufar ita ce 'ya'ya su hau mazauninsu, giris ɗin da ya yi yawa ya matse ya fita, kofin da bai gama zama ba ya ƙarasa. Idan ba a juya hob ba, 'ya'yan sukan tsaya a karkace, a ɗauka an ɗaure, bayan awa guda a gona rata ta dawo. Daga nan a sassauta notin har ya saki gaba ɗaya, ba tare da an motsa hob ba, a sake mayar da shi da yatsu har ya taɓa washa ya tsaya. Sannan a duba ramin kotafin. Idan ya dace da tsaga, shi ke nan. Idan bai dace ba, baya ake komawa zuwa tsagar da ta fi kusa, ba gaba ba. Inda littafin taraktar ya ba da nasa awon, shi ake bi.

Lissafi yana nuna dalilin wannan taka-tsantsan. Ratar da ake nema a irin wannan boris ba ta wuce milimita 0.03 zuwa 0.13 ba, wato kamar kaurin takardar rubutu. A zare mai hawa 16 a inci, zagaye ɗaya na noti yana tafiyar kusan milimita 1.6. Noti mai tsaga 6 ke nan kowace tsaga milimita 0.26 ce, ninki biyu na dukan ratar da aka yarda da ita. Wanda ya ƙara tsaga ɗaya gaba don kotafin ya shiga, ya cinye ratar duka har ya danne 'ya'yan. Boris da aka danne yana matse giris daga inda ake bukatarsa, ya yi zafi, ƙarfe ya kumbura, matsin ya ƙaru, har ya ƙone ko ya kama hannun aksil. Ɗan sako-sako kaɗan boris yana jure shi shekaru, matsi kuwa yana iya gamawa da shi a yini ɗaya. Wasu hannayen aksil suna da ramin kotafin biyu a gicciye, wanda yake raba tazarar biyu, don haka a nemi na biyun kafin a yanke hukunci. Idan komawa baya ya bar rata mai yawa, a gwada wata washar mai kauri dabam, ko a ɗan goge fuskar notin a kan samfefa da aka shimfiɗa a kan gilashi.

Gwajin hannu shi ne a mayar da taya, a juya ta, ta yi zagaye da kanta ba gurnani, a kama sama da ƙasa a ji motsin da da ƙyar ake gane shi, ba ƙwanƙwasa ba. Sai sabon kotafin mai kaurin ramin, a lanƙwasa ƙafafunsa yadda ba za su goga marfi ba. Ƙusa ko waya ba sa maye gurbinsa. Shi kaɗai ne tsakanin noti da kwancewa, idan noti ya fita kuwa taya da hob tare suke barin tarakta. A sa ɗan giris a marfi a rufe. Marfin da ya fashe ko ya ɓata a nemo wani, ɗaure bakin hob da leda da roba ba ya hana ƙura.

Bayan an sauke

A ɗaure notocin wili a gicciye bayan taya ta taka ƙasa, a cire katakan da aka cusa a aksil. Tunda abin da ya ci ɓangare ɗaya shi ya ci ɗayan, gara a buɗe ɗaya tayar a ranar, ko da wanki da sabon giris da sil kaɗai za ta samu. A kuma auna tsakanin tayoyin biyu ta gaba da ta baya a tsayin hob. Gaban ya kamata ya fi bayan tsukewa da 'yan milimita kaɗan, in ya kauce a daidaita a tayarod, don karkatattun tayoyi suna tura boris ta gefe duk tsawon tafiya.

A yi tafiyar minti 20 zuwa 30, a tsaya a dafa hob. Ɗumi ba laifi ba ne, amma zafin da yake korar hannu yana nufin a buɗe marfi a sassauta. Bayan aikin yini ɗaya a sake ɗaga tayar a girgiza, domin sababbin kofuna sukan ƙara zama, ratar ta buɗe kaɗan. Hob ɗin da ya wuce wannan gwaji na biyu ba ya bukatar buɗi sai bazara mai zuwa, in ban da cire zaren buhu da ciyawa daga bayansa kowace yamma. Taraktar da ta yi aikin fadama kuwa, da an gama kakar shinkafa ake buɗe nata a canja giris, kafin a ajiye ta.